Idan Mota Ta Lalace Muku A Hanyar Yankari: Abin Da Za Ku Yi Daki-Daki

Tun da sanyi ya fara shigowa ake ta aiko min tambaya kusan iri ɗaya: mun haɗa kuɗi mu goma sha biyu, za mu je Yankari da tantunanmu mu kwana biyu, to idan bas ta tsaya mana a daji fa? Tambayar ta dace. Ta taɓa faruwa da ni tsakanin Ningi da Bauchi, wajen la'asar, da mata da yara a cikin motar. Tiyon lagireto ne kawai ya fashe, gyaran da bai kai awa ɗaya ba, amma sai da muka ɓata awa uku, domin kowa da tasa shawarar, rana kuma tana ta yin ƙasa. Shi ya sa na jera matakan nan yadda ya kamata a bi su. Na ɗauki hanyar Kano zuwa Yankari a matsayin misali, amma za su yi muku amfani duk inda kuka nufa.

1. Ku naɗa shugaba da ma'aji tun a gida

Mutum ɗaya ne zai riƙa yanke magana idan an rasa matsaya, kuma kada ya zama direban. Direba idan motarsa ta lalace hankalinsa yana kan inji, kunya kuma takan sa ya yi ta cewa "yanzu za ta tashi" har magariba ta yi. Addini ma ya koyar da matafiya su naɗa shugaba a tsakaninsu, ko su uku ne.

Ma'aji kuma ya ware kuɗin gaggawa daban da na mai da abinci da masauki. Ni nakan ce a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan duk abin da aka lissafa. Rabinsa ya zama tsaba, da ƙananan takardu a ciki, domin mai faci a ƙauye ba lallai ya karɓi tiransifa ba, mai POS kuma sai ya ce ba sabis.

Gargaɗi: idan motar haya ce, ku yi magana da mai ita kafin ku ba da ko sisi. Wa zai biya gyara? Idan ta ƙi gyaruwa, zai turo wata? Wa zai biya janwe? Ku rubuta amsoshin ko a WhatsApp ne. Yawancin rigimar da ake yi a bakin titi a kan waɗannan tambayoyi uku ake yinta.

2. A kai motar gareji kwana uku kafin tafiya

Kada a kai ta ana gobe tafiya. Idan an canza wani abu, ana bukatar kwana ɗaya ko biyu ana yawo da ita a cikin gari don a ga ko gyaran ya zauna. A duba baƙin mai da tacensa, ruwan lagireto da tiyoyinsa, fanbel, fankar lagireto, birki da mansa, kan batir, fitilu, da abin goge gilashi. Ku tsaya a wurin ana dubawa. Ku matsa tiyon lagireto da hannu injin yana sanyi. Idan ya yi laushi kamar danƙo ko ya tsattsage, a canza shi.

Taya ita ce aka fi yi wa sakaci. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kun ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta yana nan raɗau. Tayar Beljiyam tana iya yin kyau a ido alhali ta bushe. A auna iska da safe kafin tayar ta ɗau zafi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Kuskuren da ake yawan yi: a duba tayoyi huɗu a manta da safaya. Ku sauko da ita, ku auna iskarta, ku gwada jak da sifanar taya a gida. Motoci da yawa suna yawo da sifanar da ba ta shiga notinsu.

3. Kayan da ba a barinsu a gida

Na mota: safaya, jak, sifanar taya, guntun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai, alamar gargaɗi mai kusurwa uku (biyu sun fi ɗaya), abin kashe gobara, wayar jona batir, igiyar jan mota mai ƙarfi, fanbel sabo, fiyus, lita ɗaya ko biyu na baƙin mai, man birki, filaya, sukudireba, salatif na wuta, maɗaurin tiyo, da jarkar ruwa lita 20 ta mota kaɗai. Fanbel da tiyo ku saye su a Kano, a Ƙofar Ruwa ko wurin wanda kuka saba da shi, ku je da tsohon don a gwada. Kayan Hiace ba su da wuyar samu a hanya. Na Sienna da Sharon kuwa sau da yawa sai an shiga babban gari.

Na mutane: ruwan sha aƙalla lita 4 ga kowane mutum a rana, toci biyu, fawa-bank a cike, layukan waya na kamfanoni biyu, akwatin magani, tabarma, gidan sauro, bargo, da abincin da ba ya bukatar wuta, irin su dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, kilishi da burodi.

Gargaɗi: kada ku binne jak da safaya a ƙarƙashin tantuna da tukwane. Abin da za a nema da gaggawa shi ake sawa a ƙarshe. Kada kuma ku lafta kaya a saman mota. Lodi da zafin kwalta su ne ke fasa taya.

4. Ku san hanyar, ku fita da wuri

Daga Kano za ku bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ku shiga Bauchi, tafiyar kimanin kilomita 300. Daga Bauchi sai hanyar Gombe zuwa Dindima, a nan za ku karya zuwa ƙauyen Mainamaji inda ƙofar shiga take, kimanin kilomita 29 daga Dindima. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai wasu kilomita 40 da ɗoriya a cikin daji. Bauchi ce wuri na ƙarshe da za ku samu babban gareji da kayan gyara yadda kuke so, don haka ku cika tanki a can, ku buɗe gaban mota ku sake leƙa ruwa da mai. Ku bugi masu kula da wurin tun kafin ranar, ku ji ƙarfe nawa ake rufe ƙofa da kuma inda aka yarda a kafa tanti.

Ku tashi bayan sallar asuba. Wanda ya bar Kano ƙarfe shida, ko ya ɓata awa uku a gyara, zai isa da sauran rana. Wanda ya bar ta sha ɗaya, faci ɗaya ya isa ya jefa shi cikin dare. Ku bar wa wani a gida sunayenku da lambar motar, ku riƙa sanar da shi duk garin da kuka wuce.

5. Minti biyar na farko

Da zarar direba ya ji baƙon sauti, ko wari, ko ya ga jar fitila a gabansa, ya kunna fitilun gargaɗi, ya rage gudu a hankali, ya sauka daga kwalta gaba ɗaya idan da hali. Kada ya tsaya a kan kwana, ko kan gada, ko bayan tudu inda mai tahowa ba zai hango shi ba. Ya ja birkin hannu, a sa dutse a bayan taya.

Kowa ya fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, a matsa can nesa cikin inuwa. Kada a zauna a gaban motar ko a bayanta, kada a shimfiɗa tabarma a inuwarta. Idan tirela ta kwaso ta, waɗanda ke wurin za ta fara samu. Mutum ɗaya ya riƙe yara, aikinsa ke nan. Wani ya kai alamar gargaɗi baya kimanin mita 50, a ƙara nisa idan kusa da kwana ne. Idan kun jera ganye a titi yadda aka saba, ku kwashe shi kafin ku tafi, duwatsun ma haka. Dutsen da aka bari a kwalta ya kashe masu babur da yawa da daddare.

Gargaɗi: idan taya ce ta fashe ana cikin gudu, kada a danna birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, motar ta rage gudu da kanta, sannan a taɓa birki kaɗan-kaɗan. Fasinjoji su yi shiru. Ihu ne ke sa direba ya taka birkin.

6. Ku gane ciwon kafin a taɓa komai

*Inji ya ɗau zafi.* Wannan ne ya fi kama motocin da aka yi wa lodi, kuma a nan ake mayar da ƙaramin gyara ya zama babba. A kashe injin nan take. A ɗaga murfin gaba idan tururi ya lafa, sannan a jira aƙalla minti 30. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto da zafinsa: ruwan da ke ciki ya wuce tafasa kuma a matse yake, zai yi tsalle ya sale fuska da hannu. Kada kuma a kwara wa injin ruwan sanyi, ƙarfen yana iya tsagewa. Idan ya huce, a sa tsumma mai kauri a murɗa murfin kaɗan, iska ta fita, sannan a buɗe.

Kafin a zuba ruwa, a nemo inda na farkon ya bi. A duba ƙarƙashin mota, a bi tiyoyi da hannu, a ga ko fanbel yana nan, a kunna a ga ko fanka tana juyawa. Idan tiyo ne ya fashe kusa da bakinsa, ana iya yanke wurin a mayar a ɗaure. Idan a tsakiya ne, a naɗe da salatif da robar tsohon tub, a tafi a hankali zuwa gari mafi kusa, ba AC, ido a kan allurar zafi. Amma idan kun ga farin hayaƙi mai yawa a salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko ruwan lagireto yana ta kumfa, gaskit ya ƙone. Kada a ƙara tuƙa ta. Masu cewa "mu lallaɓa mu ƙarasa" su ne ke sayen sabon inji.

*Jar fitilar baƙin mai ta kama.* A kashe nan take, ko da gari yana gabanku kuna hango shi. A auna mai, a ƙara idan ya yi ƙasa. Idan mai ya cika fitilar kuma ba ta mutu ba, sai bakanike. Minti kaɗan ya isa inji ya buga.

*Faci.* A sassauta notuna tun taya tana ƙasa, sannan a ɗaga. A sa katakon nan a ƙarƙashin jak, domin gefen titi yashi ne. Ba kowa a cikin motar, kuma kada wanda ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak. A ɗaure notuna a gicciye, wannan sannan na ɗaya ɓangaren. A garin farko da kuka tarar a yi facin wadda aka cire. Kada ku shiga daji ba safaya.

*Ta ƙi tashi.* Idan ƙas-ƙas kawai take yi, a duba kan batir, sau da yawa kwancewa ya yi ko ya yi gishiri. Idan jonawa za a yi: jar waya daga alamar tarawa ta mataccen batir zuwa ta mai rai, baƙar waya daga alamar ɗebewa ta mai rai zuwa wani ƙarfe a jikin injin da ya mutu. Motar da ke canza giya da kanta ba a tayar da ita da turi, kada ku wahalar da kanku.

*Tana shaƙewa tana mutuwa.* Ku tuna inda kuka sha mai na ƙarshe. Man 'yan bumburutu yakan zo da ruwa ko datti ya toshe tace.

7. Neman bakanike

Ku fara bugo wa bakanikenku na gida, ku nuna masa ta bidiyo idan da sabis. Ko bai gyara daga nesa ba, zai faɗa muku abin da ake zargi da kimanin kuɗinsa, kun ga ba za ku shiga ciniki a makance ba. Idan akwai rauni ko motar ta tare hanya, lambar FRSC ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112.

Idan sai an je gari, mutum biyu su tafi, kada ɗaya, direba kuma ya zauna da motarsa. Su nufi tasha su tambayi 'yan ƙungiyar direbobi wane ne ke gyara musu irin wannan motar. Direbobin haya sun san mai hannu, sun san mai ɓarna. A ɗauki hoton abin da ya lalace da lambar da ke jikinsa.

Idan ya zo, a gaisa da shi da mutunci, a ba shi ruwa, sannan mutum ɗaya ya yi magana: "Malam, duba mana tukuna ka faɗa mana abin da ka gani, da kuɗin aiki, da na kaya, kafin ka kwance." A raba kuɗin aiki da na kaya da na babur ɗin da ya kawo shi. Wani daga cikinku ya bi shi sayen kayan, kuma a karɓi tsohon da aka cire.

Gargaɗi: kada ku yarda a kwance kan inji ko giya a bakin titi. Ƙura za ta shiga, notuna za su ɓace, dare zai yi aikin bai kai rabi ba. Kada kuma a maye fiyus da guntun waya. Haka mota ke kamawa da wuta.

8. Ku sa wa kanku wa'adi

Wannan shi ne matakin da muka kasa a tafiyarmu. Tun motar tana tsayawa shugaba ya duba agogo ya ce: idan ƙarfe huɗu ta yi ba ta tashi ba, mutane za su wuce gari. A lokacin sanyi kafin shida da rabi duhu ya fara, samun motar da za ta kwashi mutum goma da kayansu kuma yakan ci awa guda. Idan wa'adin ya cika, ba sauran muhawara. Mata da yara da dattawa su fara tafiya tare da namiji ɗaya ko biyu, a motar tasha da aka san direbanta, a ɗauki hoton lambarta a tura gida. Su nufi gari mafi kusa da ke da masauki, ko da baya ne. Komawa Ningi ko kwana a Bauchi ba faɗuwa ba ce. Ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, gobe ma za ku same shi.

Kuɗin masaukin da kuka riga kuka biya zai riƙa ja muku rai ku ƙarasa ko ta halin ƙaƙa. Ku buga musu ku ce a matsar muku da kwanan.

9. Idan sai an ja ta

A ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi don haka, kada a ɗaura a bamba. Direba kaɗai ne zai zauna a motar da ake ja, kuma ya sani idan inji a kashe yake birki yana tauri, sitiyari yana nauyi. A bar makulli a kunne don kada sitiyarin ya kulle. A tafi a hankali ƙwarai, fitilun gargaɗi a kunne. Motar da ke canza giya da kanta, irin Sienna, jan ta da nisa tayoyinta a ƙasa yana lalata giyar. A nemo janwe mai ɗora mota a baya. A gama ciniki kafin a ɗaura, a faɗi sunan garejin da za a sauke ta.

10. Kwana inda ba ku shirya ba

Da yake kuna da tantuna, wani zai ce a kafa su nan gefen hanya. Kada ku yi. Ku tura motar ko a ja ta zuwa cikin mutane: gidan mai da ke da maigadi, kusa da ofishin 'yan sanda, ko cikin ƙauye. Idan ƙauye ne, shugaba da wani dattijo su je wurin mai unguwa ko dagaci tun da sauran haske: "Ranka ya daɗe, matafiya ne, mota ta lalace mana, muna neman inda za mu sa haƙarƙari zuwa safe." Shi zai nuna muku wuri, sau da yawa ma a shigar da mata cikin gida, kuma 'yan sintirin garin za su san da zamanku. Da safe a koma a yi godiya, a ba da ɗan abin goro.

A kwashe waya da kuɗi da takardun mota daga cikinta. A yi kwanan karɓa-karɓa, mutum biyu-biyu. A ci abin da ke cikin kula a daren, domin ƙanƙarar ba za ta kai gobe ba. Wanda zafi ya galabaitar, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Gargaɗi: komai sanyi, kada a shigar da gawayi ko risho cikin tanti, kada kuma a kwana a mota inji yana aiki gilasai a rufe. Iskar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi.

11. Idan a cikin dajin ta tsaya

Tsakanin Mainamaji da Wikki dokar ta sauya. Akwai giwaye da ɓauna a Yankari, don haka ba a tura kowa neman taimako da ƙafa, ba a kuma watsuwa cikin inuwa. Ku karɓi lambar ma'aikatan ƙofa lokacin da kuke shiga, ku riƙa lura da kilomita nawa kuka yi daga ƙofar don ku iya faɗin inda kuke. Ku zauna a cikin motar ko dab da ita, ku buga musu, ku tsayar da duk motar da ta zo wucewa ta kai saƙo. A rufe abinci. Bikar da ke wajen Wikki ta saba da mutane, tana fizge leda daga hannu.

12. Bayan an gyara

Kafin a sallami bakanike, a bar injin ya yi aiki minti 15 a tsaye, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, sannan direba ya zaga da shi kilomita biyu ko uku. A karɓi lambarsa. Bayan tafiyar kilomita 20 a tsaya a sake duba ruwa da mai, idan kuma taya aka canza a ƙara ɗaure notunan bayan kilomita 50. Gyaran bakin titi na kai ku gari ne kawai, don haka a Bauchi a shiga gareji a sa sabon tiyo ko fanbel kafin a kama hanyar Dindima.

A daren ma'aji ya karanta wa kowa abin da aka kashe, da rasit ko hoton tiransifa. Idan motar ɗaya daga cikinku ce ya bayar kyauta, ku raba kuɗin faci da janwe da na bakanike daidai a tsakaninku, kada ku bar masa shi kaɗai. Idan ta haya ce, a tura wa mai ita hotunan da tsohon kayan da aka cire, a cire kuɗin daga cikon da ya rage nasa kamar yadda kuka rubuta tun a gida.